Yadda Ake Tafiyar da Zaman Hirar Littattafai Ba Tare da Ya Watse Ba

Mutum shida zuwa goma sun isa. Mai son haɗa zaman da masu karatu za su riƙa gaya wa juna abin da suka karanta, wannan adadin zai fara tsayarwa tun kafin ya nemi wuri ko ya raɗa wa zaman suna. In aka gaza shida, ranar da biyu suka tafi biki ɗaya ya kwanta zazzaɓi, zama ya tashi. In aka haura goma, lokaci ba zai kai kan kowa ba, sai ka ga mutum uku na ta zuba, saura na latsa waya. Takwas ya fi daidai, ga kuma lissafinsa: kowa minti 5 ya gabatar da littafinsa, minti 3 a yi masa tambayoyi, ya kama minti 64. A ƙara minti 10 na gaisawa da jiran na baya, da minti 15 na musayar littattafai a ƙarshe, an tashi da kusan awa ɗaya da rabi. In aka fara ƙarfe 4:30 bayan la'asar, ƙarfe 6 an shafa fatiha, kowa ya kama hanya kafin a kira magariba.

A riƙa haɗuwa bayan mako bibbiyu. Mako ɗaya ya yi wa ma'aikaci da mai raino kaɗan, za su zo hannu rabbana sau biyu, kunya ta hana su zuwa na uku. Wata guda kuma ya yi nisa, zafin littafin ya huce, mutum ya manta abin da ya ba shi haushi a shafi na 40. Littafi mai shafi 200 a kwana 14 shafi 15 ne kullum, abin da ake iya yi tsakanin isha'i da barci.

Batun wuri ba shi da wuya. Zaure, ko falo, ko ajin makarantar unguwa ranar da babu karatu, in an nemi izinin shugabanta. A guji majalisar bakin titi, don duk mai wucewa sai ya tsaya an gaisa, ga ƙarar babura. In zaman na maza da mata ne, a zaɓi fili da kowa zai iya gaya wa mutanen gidansa ba tare da wani ɗar ba. Abin taɓawa kuwa a yanke shi tun ranar farko: ruwa da ɗan dabino ko gyaɗa. Da zarar mai masauki ɗaya ya yi shinkafa da kaza, na gaba zai ji dole ya yi, wanda ba shi da hali kuma sai ya fara neman uzuri tun kafin layi ya zo kansa.

Aiki uku ake rabawa, kuma a riƙa juya su. Akwai mai jan ragama, akwai mai riƙe lokaci da wayarsa a fili kowa na gani, akwai magatakarda. Kada mutum ɗaya ya haɗa ragama da lokaci, domin yana sauraro zai manta agogo.

Minti biyar ɗin nan

Nan ne zama ke rayuwa ko ya mutu, don haka za mu daɗe a kansa.

Kuskure biyu ake yi. Wani zai ɗaga littafi ya ce, "Wallahi ya yi daɗi, ya yi ma'ana, akwai darussa," ya ajiye. Ba wanda ya ƙaru. Wani kuma zai faro labarin daga haihuwar yarinya, ya bi ta makaranta, ya kai ta gidan miji, minti goma sha biyu bai kai rabi ba, kuma duk wanda ya so karanta littafin an riga an cinye masa. Dukansu abu ɗaya ya jawo: mutum bai rubuta komai ba yana karatu, da ya zo zama sai ya dogara da abin da ya rage a ka.

Maganinsa falle ɗaya na takarda. A ninke shi biyu a sa cikin littafin, ya zama shi ne alamar shafi, a ajiye fensir kusa. Duk inda aka yi dariya, ko gaba ya faɗi, ko aka ji gundura har aka tsallake sakin layi, a rubuta lambar shafin da kalma uku ko huɗu. "Shafi 23, zancen kaka da jika." "Shafi 71, ina aka samo kuɗin?" Wurin da ya gundure ka ya fi wurin daɗi amfani a rubuta, saboda shi ake fara mantawa. Mai karatu a waya ya ɗauki hoton allon, ya rubuta lambar babi ko fitowar. A littattafan da aka sake bugawa sau da yawa ma gara a riƙe babi tare da shafi, domin bugu ya kan bambanta, shafi na 50 a naka ya zama na 56 a na ɗan'uwanka, ku yi ta laluben juna.

Daren da za a yi zama, a duba takardar a zaɓi abu biyu kacal: ɗaya da marubucin ya iya, ɗaya da ya kasa. Sauran a bar su, za su fito wajen tambayoyi.

In layi ya zo kanka, ka fara da sunan littafi da na marubuci da shekarar bugu, ka ɗaga shi a ga bangonsa da kaurinsa. Sai jimla biyu, ba uku ba, kan wane ne tauraro ko tauraruwa da kuma matsalar da ta same shi. Daga nan ka buɗe wurin da ya burge ka ka karanta da babbar murya, layi biyar zuwa takwas. Wannan karatun a fili ya fi duk wani yabo aiki, don kunnen mutane zai ji da kansa ko Hausar tana tafiya ko tana ɗingishi. Sai abin da bai yi maka ba, shi ma da shafinsa. Ka rufe da faɗin wanda littafin zai dace da shi.

Ga yadda zai iya fitowa. A ce wata ta karanta labarin bazawara mai sana'ar ƙosai da dangin mijinta suka hana ta gadon gida. Maimakon "ya taɓa min zuciya," sai ta ce: "Abin da ta iya shi ne zance. Ku ji yadda ƙanin mijin ya zo gaisuwa a shafi na 38, ya yi ta'aziyya layi biyu, sannan idonsa ya koma kan rufin ɗaki yana tambayar yaushe aka canja kwano. Ba ta ce mana mugu ba ne, mun gani da kanmu. Inda ta gaza, daga shafi na 90 wani alhaji ya faɗo daga sama ya biya kuɗin lauya, alhali ba a taɓa ambatonsa ba. Wanda ke son labarin gida da shari'ar gado zai ji daɗinsa. Mai neman soyayya ya nemi wani." Wannan bai kai minti uku ba, amma kowa a wurin ya san ko zai ara ko ba zai ara ba.

Kalmomin nazari irin su jigo, salo, zubi da tsari, suna da amfani in an san su, amma ba sharaɗi ba ne. Wanda ya ce "labarin ya yi ta tsalle, ban san wace shekara muke ba" ya yi maganar zubi da tsari ko bai kira sunan ba. Kada ɗaliban adabi da ke cikin zama su mai da shi ajin jami'a, sauran za su kama bakinsu.

Dokar fasa ƙwai: ana iya faɗin duk abin da ya faru a kashi ɗaya cikin uku na farkon littafi, bayan nan sai da izini. In ƙarshen ne ya ɓata maka rai kuma dole ka faɗa, ka tambaya, "Wa bai karanta ba kuma yana son karantawa?" In akwai, ka ce ƙarshen bai gamsar da kai ba, ka tsaya nan. Ku da kuka karanta ku ƙarasa a bakin ƙofa.

Aikin mai jan ragama

Tambaya ɗaya ce makaminsa: "A ina?" Wani ya ce littafin ya ja da yawa, a ina? Wata ta ce marubucin bai san ƙauye ba, a ina, karanto mana. Makonnin farko mutane za su ɗan ji nauyin tambayar, daga baya da kansu za su riƙa zuwa da yatsa a cikin shafi.

Sai tsarin magana. A al'adarmu in babba ya yanke, ƙarami ba ya warwarewa a gaban mutane, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau. Amma a zaman littafi, in Malam ya fara cewa littafin shirme ne, yarinyar da ta kwana tana kuka a kansa za ta ce, "Haka ne, Malam," ta haɗiye nata. Saboda haka a fara daga mafi ƙanƙanta ko sabon zuwa, manya da masana su zo ƙarshe. A gaya musu dalili tun farko, ba za su ƙi ba. A ranar da kowa ya karanta littafi ɗaya, akwai ƙarin dabara: kafin kowa ya buɗe baki, a raba 'yan guntayen takardu, kowa ya rubuta maki daga 1 zuwa 5 ya ninke. Magatakarda ya buɗe ya karanto. In aka ga 5 da 2 a tari ɗaya, an sami inda za a fara, kuma ba wanda zai iya janye nasa don ganin ido.

Saɓanin ra'ayi shi ake nema, ba a haɗu don a yi ta gyaɗa kai ba. Abin da za a tsare shi ne kada musu ya bar littafi ya koma kan mutum. "Yaya, ni ban ga haka ba, duba shafi na 60" magana ce. "Ai ke dama irin waɗannan kike so" tsokana ce, mai ragama ya tare ta nan take.

Akwai kwanar da kusan kowane zama ke faɗawa. Littafi ya taɓo kishiya ko saki ko auren dole, kafin ka ankara an ajiye shi, maza sun ja daga mata sun ja daga, ana ta shari'ar gidajen da ba a cikin labarin suke ba. Hirar na da daɗi, shi ya sa take da haɗari, don takan cinye awa guda. A ba ta minti uku, sannan mai ragama ya ce, "To, marubuciyar fa, bangaren wa ta ɗauka, kuma ta yi wa ɗayan adalci?" An dawo gida.

Kusa da wannan akwai haɗa halin tauraro da na marubuci. In mugu ya yi mugun zance a labari, ba marubucin ne ya faɗa ba. Tambayar da ta dace ita ce ko an gina mugun har ya zama mutum, da kuma inda littafin gaba ɗaya ya karkata. Haka nan darasi. Masu karatun Hausa da yawa suna auna littafi da faɗakarwar da ke ciki, kuma hakkinsu ne, amma a raba tambayar biyu: me ya koyar, sannan ya iya ba da labari? Akwai littafin da niyyarsa kyakkyawa ce amma wa'azi ne aka sa wa sunayen mutane, ya kamata a iya faɗin haka ba tare da an zargi mai faɗa da ƙin gaskiya ba. Littattafan da ke da batsa kuwa, a yanke shawara a kansu tun zaman farko, kada sai wani ya buɗe shafi a gaban ƙanwarsa.

In akwai marubuci a cikinku, kada a tattauna littafinsa a zaman yau da kullum. Ba mai iya cewa "babi na huɗu bai yi ba" alhali mai babin na zaune yana miƙo masa ruwa. Marubuta suna da nasu dandalin, rassan ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, wadda aka kafa a 1981, sun saba shirya zaman da marubuci ke karanta aikinsa a yi masa gyara. Naku na masu karatu ne. In kuna son gayyatar marubuci, ku tattauna littafin ku kaɗai tukuna, ku tara tambayoyi, sannan a ware masa rana.

Kowa da nasa, ko littafi ɗaya

Zama uku kowa ya zo da abin da ya ga dama, na huɗu a haɗu kan littafi ɗaya. Na farkon yana kawo sababbin sunaye, na biyun yana kawo zurfi. Wahalar littafi ɗaya ita ce samun kwafi, don haka a sanar da shi wata biyu kafin ranar, a sami ko da kwafi uku su zagaya.

Littafin farko da za a haɗu a kai ya zama gajere kuma mai sauƙin samu. Littattafan da suka fito daga gasar rubuta labaran Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya sun dace da wannan: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, duk ba su da kauri, kuma da yawa sun taɓa karanta su a makaranta, za su yi mamakin abin da idon yaro ya tsallake. Magana Jari Ce kuma, da yake labarai ne daban-daban a juzu'i uku, ana iya ɗaukar labari biyu kawai a yi zama guda a kansu. Wanda ke son na zamani, gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ana gama kowanne a zama ɗaya.

Wanda ya saurari littafi a rediyo ko a YouTube, a karɓe shi, ya karanta da kunne. Sai dai ya faɗa, saboda muryar mai karantawa takan rufe raunin rubutu, kuma ba zai iya cewa komai kan ƙa'idojin rubutu ba. Wanda bai gama littafi ba shi ma ya zo, ya faɗi shafin da ya tsaya da dalili. Sau da yawa bayaninsa ya fi na wanda ya gama amfani.

Aro, asusu da waya

Aron littafi ya raba abokai da yawa, kuma kullum maganar ɗaya ce: "Ai na ba wane." A sayi littafin rubutu mai shafi 40, a ja layi biyar: sunan littafi, mai shi, wanda ya ara, ranar ɗauka, ranar dawowa. Littafi ɗaya ake ara a lokaci guda, wa'adinsa zama na gaba, kuma ba a miƙa wa wani a waje sai ya dawo an rubuta. Littattafan da ke zuwa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku kamar yadda aka saba buga na adabin kasuwar Kano, a ɗaure su da roba a ba da su tare, in ba haka ba na biyun ne zai ɓace ya bar sauran marayu. Mai littafi ya rubuta sunansa a cikin bango da kuma wani shafi na tsakiya, don bango ne ke fara cirewa. Da damina a sa a leda kafin a hau babur. Wanda ya ɓatar ya sayo wani, ba kuɗi zai bayar ba, saboda kuɗi kan narke kafin a je kasuwa. Akwatin ajiya kuma a ɗora shi kan benci nesa da bango, gara ba ta jin kunyar littafi.

Asusu ya zama kaɗan, abin da bai wuce kuɗin katin waya ba a kowane zama, yadda ɗalibi zai iya. Duk wata biyu a sayi littafi ɗaya ko biyu da aka zaɓa da ƙuri'a, magatakarda ya karanto abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa.

Marubuta da yawa yanzu a waya suke sayar da littattafansu, mutum ya biya a tura masa. Wanda ya saya ya watsa wa mutum takwas ya ci haƙƙin mai shi, ko da niyyarsa alheri ce. Zaman da aka kafa don son littafi bai kamata ya zama hanyar karya masu rubuta shi ba. A karanto ɗanɗano a zama, wanda ya ji yana so ya biya nasa.

In an buɗe zauren WhatsApp, aikinsa tunatarwa da ɗan tsokaci tsakanin zama biyu. Saƙon murya kada ya wuce minti biyu, kuma ban da turo abin da bai shafi littafi ba. In aka sake, cikin wata guda sanarwar zama za ta nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa. Muhawara mai zafi a ajiye ta sai an haɗu, rubutu ba ya ɗaukar murmushi, maganar da za a yi dariya a kanta a zaure takan zama gaba a waya.

Magatakarda yana da littafi na biyu, inda yake rubuta layi uku kan duk abin da aka gabatar: suna, wanda ya kawo, da hukuncinsa a jimla ɗaya. Bayan wata shida a buɗe a karanta daga farko. Nan za a ga ramin da aka faɗa, wataƙila littafi talatin duk soyayya, ko duk na marubuta uku. Sai a sa wa zama na gaba sharaɗi: tarihi, ko fassara, ko littafin wani yanki da karin harshensa ya bambanta da naku. In rubutacciyar waƙa ce, irin ta Sa'adu Zungur ko Aƙilu Aliyu, a nemi mai murya ya rera, domin karinta ba ya fitowa a karatun zuci. In wasan kwaikwayo ne a raba 'yan wasa, kowa ya karanta nasa.

In azumi ya zo, yawancin zama kan tsaya, kuma daidai ne, la'asar ɗin ta tafsiri ce da aikin buɗa-baki. Inda ake yin asara shi ne a rabu da "sai bayan salla" kawai. Bayan salla sai a shiga bukukuwa, daga nan sai shirin babbar salla, shi ke nan. A zaman ƙarshe na Sha'aban a tsayar da ranar dawowa, a ce Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla, a faɗi gidan da za a haɗu da wanda zai ja ragama, a dawo da duk littattafan aro a rubuta, sannan kowa ya ɗauki wanda zai zo da bayaninsa ranar.